Abin da ya sa kwamfutar gidanmu ta koma rarrafe

Kwamfutar tebur da ke falon gidanmu ba sabuwa ba ce, kuma ba a sabuwa na saye ta ba. Kwance ce, irin waɗanda ofisoshin Turai suke sallama bayan sun ci moriyarsu, a loda su a kwantena a kawo mana nan. Firosesar da ke cikinta, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikinta, Core i5 ce ta zubi na uku, wato samfurin 2012, tana da ram na gigabait 4 da babbar ma'adana mai juyawa ta gigabait 500, kuma Windows 10 ce a kanta. Ta yi shekaru tana yi mana hidima ba tare da wani ƙorafi ba. Ni ina yin rubuce-rubucena a kanta, uwargida tana buga tambayoyin jarrabawar ɗalibanta, babban ɗanmu kuma yana atisayen tambayoyin JAMB, tunda yanzu a kwamfuta ake rubuta jarrabawar kuma wanda hannunsa bai saba da linzami ba zai sha wuya a zauren.

Wajen ƙarshen hunturun da ya wuce sai halinta ya fara sauyawa, a hankali, ta yadda babu wanda zai iya cewa ga ranar da abin ya soma. Idan aka kunna ta sai ta tsaya a kan baƙin allo da wani ɗan rubutun Turanci, ba za ta wuce ba sai an latsa F1. Idan ta wuce ɗin kuma ta shiga Windows, mutum yana iya tashi ya ɗora ruwan shayi ya dawo bai samu ta amsa latsi ɗaya ba. Kwanan wata da ke kusurwar fuskarta yakan koma shekarun baya, wasu shafukan intanet su ƙi buɗewa suna gargaɗin rashin tsaro. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shuɗin allon nan da take yi a tsakiyar aiki, ta rubuta MEMORY_MANAGEMENT a ƙasa, sannan ta sake tashi da kanta, duk abin da ba a adana ba ya bi ruwa. Sau biyu hakan ta faru da uwargida tana tsakiyar buga tambayoyi, kuma a karo na biyun ne ta ce mini, “Abban yara, ko dai a gyara abin nan, ko in koma kai aikina shagon buga takardu.”

Duk wanda na yi wa bayani magana ɗaya yake faɗi, cewa bairos ne, a kai ta a yi mata fomat. Na san wannan maganin, domin na taɓa shan sa har sau biyu a shekarun baya. Gaskiya ne kwamfuta takan ɗan warware bayan an goge komai an ɗora sabuwar manhaja, amma idan ciwon a jikin ƙarfen yake, ko kuma halayen da suka jawo shi suna nan, to bayan wata ɗaya ko biyu za a koma gidan jiya, ga kuma asarar lokacin da aka ɓata wajen mayar da takardu da manhajoji. Kuma a wannan karon na lura da wani abu: tsayawar da take yi tana neman F1 tana faruwa ne tun kafin Windows ta fara lodi. Abin da ya faru kafin Windows ta farka, babu yadda za a yi goge Windows ya magance shi. Wannan tunanin ne ya sa na ƙudura cewa ba zan kashe ko kwabo ba sai na auna na ga inda matsalar take da idona.

Na fara da abin da yake kyauta. Idan aka haɗa maɓallan Ctrl da Shift da Esc, wata taga mai suna Task Manager takan buɗe, kuma a ganina babu wani kayan aiki a Windows da ya kai ta amfani ga mai neman dalilin nawa. A sashen Performance akwai ma'auni uku da suka dame ni, na firosesa da na ram da na babbar ma'adana. Firosesar tana zaune abinta, aikin da take yi bai kai kashi ashirin cikin ɗari ba. Babbar ma'adana kuwa tana manne a kashi ɗari cikin ɗari ba ta sauka, ram kuma ya cika maƙil tun kafin in buɗe komai. Sai da na sake duban saman tagar sannan na ga abin da ya ba ni mamaki: gigabait 2 kawai kwamfutar take gani, kuma a ƙasa an rubuta cewa rami ɗaya ne ke da ram cikin ramuka huɗu, alhali na san sanda biyu ne a ciki, kowanne gigabait 2, don da idona na gan su ranar da na saye ta.

Yana da kyau in tsaya in yi bayanin alaƙar da ke tsakanin waɗannan ma'auni biyu, domin nan ne mutane da yawa suke barin jaki suna dukan taiki. Wanda ya san Kantin Kwari ya san cewa ɗan kasuwa yana da shago yana kuma da sito. Kayan da ake ciniki a kansu yanzu suna cikin shago inda hannu zai kai gare su nan take, sauran diloli kuma suna sito. Ram shi ne shagon, babbar ma'adana ita ce siton. Idan shagon ƙarami ne kuma masu saye sun yi yawa, dole yaron shago ya riƙa kwashe wasu kaya yana kaiwa sito don a sami wurin baje wasu, da an sake neman na farkon kuma ya koma ya ɗauko. Haka Windows take yi idan ram ya cika: tana kwashe abin da ba a taɓa ba a 'yan daƙiƙun nan ta zuba a wani fayil da ke babbar ma'adana mai suna pagefile.sys, ta ɗauko shi idan an sake buƙata. Matsalar ita ce ma'adana mai juyawa ba ta da saurin wannan zirga-zirga ko kusa, domin a cikinta akwai faranti da ke juyawa da wani ɗan hannu da sai ya matsa ya nemo inda bayani yake kafin ya karanta. Saboda haka kashi ɗarin da nake gani a ma'aunin ma'adana ba lallai laifinta ba ne ita kaɗai, wahalar ƙarancin ram ce take ɗauka. Microsoft ta ce gigabait 2 ne mafi ƙarancin abin da Windows 10 mai bit 64 take buƙata, amma wannan adadin na ta iya tashi ne kawai, ba na a buɗe shafukan intanet biyar da takardar Word a lokaci guda ba.

Kafin in kwance akwatin na leƙa sashen Startup na wannan taga, inda ake jera manhajojin da suke tashi tare da Windows ba tare da an kira su ba. Abin da na tarar ya ba ni kunya, tunda ni ne mai gidan kuma ni ake ɗauka na san kan na'urar. Akwai manhajar firintar da muka rabu da ita tun shekaru uku da suka wuce. Akwai ta haɗa waya da kwamfuta har kala biyu, da ta sauke bidiyo, da wata wai ita mai ƙara wa kwamfuta gudu, wadda na tabbata ɗana ne ya ɗora ta da kyakkyawar niyya. Sannan ga manhajar kashe bairos ta gwaji wadda wa'adinta ya ƙare tuntuni amma tana nan tana tashi kullum tana neman a biya ta. A gaban kowacce Windows tana rubuta nauyin da take ɗora wa tashin kwamfuta, kuma wadda aka rubuta wa High ita ce wadda ta ci fiye da daƙiƙa ɗaya na lokacin firosesa ko ta karanta fiye da megabait 3 daga ma'adana a lokacin tashi. Daƙiƙa ɗaya ba komai ba ce a baki, amma idan manhajoji goma suka taru a ƙofa ɗaya suna rububin ma'adana mai hannu ɗaya, kowacce sai ta jira 'yar'uwarta. Na latsa Disable a kan duk wadda na gane kuma na san ba ma buƙatarta da sassafe. Wannan ba ya goge manhaja, hana ta tashi da kanta kawai yake yi. Na bar ta sauti da ta tsaron Windows, waɗanda ban gane ba kuma na nemi sunayensu a intanet ta wayata kafin in taɓa su. Mai ƙara gudun nan da mai kashe bairos ta gwaji kuwa cire su na yi gaba ɗaya, domin Windows 10 tana zuwa da tata kariyar mai suna Microsoft Defender, wadda takan ja baya idan ta ga an ɗora wata. Na bar Defender ta bincike kwamfutar kaf a daren nan. Ba ta sami komai ba, sai wasu tarkacen talla biyu da suka maƙale a manhajar shiga intanet.

Washegari na zare wayar wuta daga bango, na danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wutar da ke ciki ta fita, na taɓa ƙarfen akwatin da hannuna saboda wutar da jiki kan tara musamman a lokacin sanyi da bushewar iska, sannan na buɗe murfin. Duk wanda ya yi hunturu a ƙasar Hausa ya san abin da zan tarar. Ƙura ta yi wa fankar firosesa rawani, ta toshe tsakanin haƙoran ƙarfen da ke shanye zafi, ta kwanta a kan babban allon ciki da ake jona sauran kayan a kansa kamar an barbaɗa garin ƙasa. Na fitar da akwatin tsakar gida na hure shi da abin hura iska, ina riƙe da fankar da yatsa don kada iskar ta juya ta fiye da ƙima. Wannan ƙurar ba ƙazanta ba ce kawai. Firosesa idan ta ji zafi ya yi mata yawa takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, kuma da na bar ta haka har zafin watan Afrilu ya shigo, da wata sabuwar nawa ce za ta hau kan tsohuwar.

Sanda na biyu na ram yana nan a raminsa, amma maƙallin gefe ɗaya ya buɗe, ya ɗan ɗago. Ina zaton ranar da aka ja teburin ana shara ne ya motsa. Na cire duka biyun, na goge haƙoransu masu ruwan zinariya da magogin fensir a hankali, na share burbushin, na mayar da su har sai da na ji maƙallan sun yi ƙas. A kusa da su kuma na ga batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3. Aikinsa shi ne riƙe agogo da saitin farko na kwamfuta a lokacin da babu wuta. A ƙasashen da wuta ba ta yankewa kuma kwamfuta tana jone dare da rana, batirin yakan daɗe ba a taɓa ƙarfinsa sosai ba, amma a gida irin namu da wuta take tafiya ta yi sa'o'i, shi ne ke ɗauke da nauyin kullum. Da ya mutu sai kwamfuta ta riƙa mance kwanan wata duk lokacin da aka ɗauke wuta, shi ya sa take tsayawa tana neman F1, shi ya sa kuma shafukan intanet suke ƙin buɗewa, domin takardar shaidar tsaron kowane shafi tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kwamfutar da take zaton tana shekarun baya kuwa za ta ga takardar ba ta dace da lokacinta ba. A wurin mai gyaran agogo na bakin titinmu na sami sabon batirin. Na saka shi, na shiga saitin farko na gyara rana da lokaci, kuma daga ranar ba ta sake neman F1 ba.

Da na kunna ta na ga gigabait 4 sun dawo, sai na ɗauka an gama. Ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Da yammacin ranar shuɗin allon ya dawo, har ma ya fi na da yawa. A nan ne na tuna cewa Windows tana da nata ma'aunin lafiyar ram. Idan aka haɗa maɓallin Windows da R aka rubuta mdsched.exe, kwamfuta takan sake tashi ta shiga gwaji, tana rubuta bayanai a kowane lungu na ram tana karantawa don ta ga ko abin da ta ajiye shi ta tarar. Ba a yi nisa ba ta rubuta cewa ta gano matsala a kayan ƙarfe. Gwajin ba ya faɗin wane sanda ne mai laifi, saboda haka na bi hanyar da ta fi tsawo amma ba ta ƙarya: na cire ɗaya na gwada ɗaya shi kaɗai, sannan na musanya, kuma kowanne na gwada shi a rami guda don kada in ɗora wa sanda laifin rami. Na farko ya wuce lafiya har zagaye biyu. Na biyun, wanda na tarar a ɗage, shi ne ya riƙa kawo kuskure. Na maimaita da MemTest86, wadda ake ɗorawa a filash a tayar da kwamfuta da ita ba tare da Windows ba, sakamakon bai sauya ba. A fahimtata sandan ya daɗe da fara lalacewa, wani lokaci kwamfuta ta gan shi ta yi aiki da shi ta faɗi, wani lokaci kuma ta ƙi ganinsa sam ta koma rarrafe da gigabait 2. Wannan ne ya sa alamun suke rikita mu, yau nawa, gobe shuɗin allo.

Sai a rana ta uku na tafi titin Beirut da ke Kano, inda ake sayar da kayan kwamfuta, kuma na tafi da sandan mai lafiya a aljihuna. Dalili shi ne ram iri-iri ne kuma ba sa shiga ramin juna. Tawa DDR3 take ɗauka, mai haƙora 240, alhali DDR4 na kwamfutocin tebur da suka biyo bayanta haƙora 288 gare shi, kuma ɗan tsagin da ke tsakiyar haƙoran ba a wuri ɗaya yake ba, don haka wanda ya saya bisa kuskure ya yi ƙoƙarin tura shi da ƙarfi ɓarna kawai zai yi. Na kwamfutar hannu kuma gajere ne, ba ya shiga ta tebur. Na sayi sanda biyu masu gigabait 4 kowanne, iri ɗaya kuma gudu ɗaya, domin idan aka saka su a ramuka masu launi ɗaya kwamfuta takan yi aiki da su a tare ta hanyoyi biyu. Mai shagon ya ce, “Malam, ka ƙara kuɗi kaɗan ka ɗauki goma sha shida mana, ka huta gaba ɗaya.” Na ce masa aikin gidanmu bai wuce rubutu da intanet ba, takwas sun ishe mu. Na kuma roƙe shi ya amince in dawo da su idan gwaji ya nuna matsala, tunda su ma kwance ne, ya amince. A daren na bar MemTest86 tana aiki a kansu har wuta ta tafi, ba ta sami kuskure ko ɗaya ba.

Saura babbar ma'adana. Bayan ram ya zama gigabait 8 ta daina mannewa a kashi ɗari, amma tashin kwamfutar bai yi saurin da nake so ba, kuma lokaci-lokaci ina jin wani ɗan ƙas-ƙas daga cikin akwatin. Kowace ma'adana tana ajiye tarihin lafiyarta a cikinta, kuma wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo tana karanto shi. Idan lafiya lau ne takan nuna shuɗi, idan da abin dubawa ta nuna ruwan ɗorawa, idan abin ya ɓaci ta nuna ja. Tawa ruwan ɗorawa ta nuna, saboda akwai guraben da suka lalace har ma'adanar ta kauce musu ta koma amfani da na ajiya. Ban yi mamaki ba, don shekarunta sun ja, kuma ba zan iya ƙirga sau nawa wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu ba. Abin da na fara yi, kafin komai, shi ne kwashe hotunan iyali da takardun uwargida zuwa wata ma'adana ta waje, kuma ina ganin da a ce na yi hankali, da wannan ne aikin farko tun ranar da shuɗin allo ya fara bayyana.

Na maye gurbinta da SSD mai gigabait 256, irin wadda ake jonawa da wayar SATA ɗin da tsohuwar take amfani da ita. SSD ba ta da faranti ba ta da hannu, babu abin da ke motsi a cikinta. A takarda tana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, tsohuwar kuma ɗari da ɗoriya, amma ba nan ne ainihin bambancin yake ba. Tashin Windows karatun dubban ƙananan fayiloli ne da ke warwatse, kuma a irin wannan aikin ne ma'adana mai juyawa take shan kashi, tunda kowane fayil sai hannun ya yi tattaki ya nemo shi. A kan SSD ɗin na ɗora sabuwar Windows 10. Wato dai a ƙarshe an yi fomat ɗin da kowa yake ta faɗi, amma an yi shi ne a kan lafiyayyen ram da sabuwar ma'adana da batiri mai rai. Da na yi shi tun ranar farko, da lalataccen sandan nan zai iya gurɓata sabuwar manhajar tun tana sauka. Yanzu daga latsa maɓalli zuwa buɗe takarda ba ya kai minti ɗaya, kuma na ja wa ɗana kunne cewa duk manhajar da ta yi masa alkawarin ƙara gudu ya tambaye ni kafin ya taɓa ta.

Abu biyu ne suka rage a gabana. Na farko shi ne na'urar riƙe wuta ta UPS, ko da ƙarama ce mai ba da mintunan da za a adana aiki a kashe kwamfuta yadda ya kamata, domin yankewar wuta ba ta yi wa SSD daɗi kamar yadda ba ta yi wa tsohuwar ba. Na biyu ya fi nauyi. Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da firosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, tawa kuwa ta zubi na uku ce. Na sauke Linux Mint, wata manhaja ta kyauta da ke iya maye gurbin Windows, a filash na tayar da kwamfutar da ita don gwaji ba tare da na goge komai ba, kuma ta yi aiki sumul, har firintar maƙwabcinmu ta gane. Sai dai manhajar atisayen jarrabawar da ɗana yake amfani da ita ta Windows ce, uwargida kuma ta ce ba za ta koyi sabon wurin buga tambayoyi ana tsakiyar zangon karatu ba. Mun tsayar da cewa za a bar maganar sai yaron ya rubuta jarrabawarsa an kuma yi hutun ƙarshen shekara, filashin kuma yana cikin aljihun tebur tare da lalataccen sandan ram ɗin.